Gwaggo Mai Tsaga Ƙwaƙwalwa ta Hagu

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin gwaje-gwaje na makarantar koyon aikin likita. Ta wanke hannu, ta duba injin sanyi, ta ɗaura sabuwar wuƙa. Aikinta yanka ƙwaƙwalwar ɓera fale-fale, kamar ɓawon albasa, ta shimfiɗa a gilashi, ta rina. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yi, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ɗalibai Gwaggo suke ce mata.

Tana da ɗabi'a guda. Kafin ta fara yanka, sai ta yi 'yar tsaga a ɓangaren hagu, domin yankan kan juye a ruwa, hagu ya koma dama ba wanda ya sani.

Duk Laraba masu binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na taron ƙara wa juna sani. Rabin hotunan da ake haskawa a bango daga hannunta suka fito, amma can baya take zama, bakin ƙofa. Wai a ɗakin nan ilimi layin gaba yake zama, yana raguwa kujera bayan kujera. Haka ake faɗa. Ba a dai taɓa aunawa ba.

Wata Laraba a shekarun baya, wata ɗaliba ta gabatar da aikin digirinta na uku. Hotunanta sun nuna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka lalace a dama suke. Farfesan sashen ya katse ta.

"Yarinya, yankan ne ya juye miki. Shekara ashirin muna ganin abin nan a hagu, sai ke? Koma ki sake daga farko."

Sakewar shekara biyu ce, wa'adin da makaranta ta ba ta kuwa saura wata uku. Ɗalibar ta fara tattara takardunta.

Gwaggo ta daɗe tana kallon bangon. Ta san ba a taɓa jin muryar mai yanka a taron nan ba. Ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara girman hoton."

"A'a, Gwaggo, yau har da ke a masu tambaya?" Aka yi 'yar dariya.

"Ba tambaya ba ce, Farfesa. Ga tsagata can a hagu, inda nake yin ta. Bai juye ba."

"Wannan ɗaya ne."

"Ɗari biyu da sha ɗaya ne, suna cikin durowata. Ka taho da tabaranka."

Ya zo kuwa, a nan kam a yaba masa. Ya duba arba'in da wani abu, ya ɗago ya ce wa ɗalibar, "Rubuta abin da kika gani." Ta gama cikin wa'adinta. Yau ita ke koyar da 'yan aji biyu.

Gwaggo, ke ce mai hannu ba rawa. Ke ce kika tashi ranar da masu digiri suka sunkuyar da kai. Takardar binciken ta fito da sunaye bakwai, babu naki, kuma ba ki tambaya ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Ku da kuka rage, ku yi aikinku yadda za ku iya tsayawa a kansa gaban kowa. In kun ga ana shirin kayar da wani kan kuskuren da bai yi ba, kuma shaidar na hannunku, ku miƙe ku faɗa, ko da muryarku na rawa. Ta Gwaggo ma ta yi rawa ranar, waɗanda ke kusa da ita sun ji.