Baba Mikail da Kifin Asabar

Idan ka shigo ta Ƙofar Na'isa ka karya hagu, ka wuce rumfar masu facin taya, za ka ga wata doguwar katangar bulo mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. A bayanta akwai wani tsohon kududdufi da Alhaji Khalid ya saya, ya sa aka yashe shi, aka zuba masa kifi. A bakin ruwan, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. A nan Baba Mikail yake zaune da matarsa 'Yardada. Shi ne mai gadin wurin, shi ne kuma mai kula da kifin.

Baba Mikail ba Bakano ba ne. A wata tungar masunta aka haife shi, can bakin Tafkin Chadi, kuma yakan ce ya iya tuƙa kwale-kwale tun bai iya ɗaure mazagin wandonsa ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana su. Da zama ya gagara a can, sai ya ɗauko 'Yardada da tukunya biyu da komarsa, wato 'yar ragar nan mai baka da ake kwasar kifi da ita a gefen ruwa, suka hau motar Kano. Ya tura kurar ruwa, ya yi dako, babu sana'ar da ta karɓe shi. Ko kwata ya zo tsallakawa sai ya tsaya ya leƙa, ko wani abu zai motsa.

A kasuwa Alhaji Khalid ya tsince shi. Alhaji yana cinikin tarwaɗa, sai wani dattijo siriri da ke tsaye a gefe ya ce, "Alhaji, waccan tun jiya ta mutu, ɗauki ta ƙasan." Mai kifi ya yi ta masifa, Alhaji ya yi ta dariya. Shi Alhaji ɗan kasuwar yadi ne, kakanninsa da raƙuma suka ƙetaro sahara, bai san komai a harkar ruwa ba in ba na alwala ba. Kafin sati ya zagayo, Baba ya tare a bakin kududdufi.

Wurin ya yi masa daɗi. Da ya idar da sallar asuba zai zagaya ruwan da ƙwaryar abincin kifi, yana watsawa yana yi musu faɗa kamar 'ya'yansa. Da kallo kawai yake gane in ruwan ya gaji yana son a ƙara masa sabo. Yakan ce wa 'Yardada, "Ba Chadi ba ne, amma dai yana da warin ruwa." Ita kuma ta ce, "Da sauro."

Ana nan sai Nasir, ɗan autan Alhaji, ya gama karatu a Ingila ya dawo. Ran wata Asabar da hantsi ya shigo da doguwar jaka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya zaro sandar fatsa mai ƙyalli wadda ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa. Baba ya karɓi ƙugiyar ya juya ta a tafin hannu.

"Ɗan Alhaji, an cuce ka. Wannan ƙugiyar ba ta da kunne. Da me za ta riƙe kifi?"

"Haka ake yin ta, Baba, don kada ta yaga masa baki."

Baba ya miƙa masa ƙugiyarsa. Bai taɓa jin wanda ya damu da bakin kifi ba, amma ba a musu da ɗan maigida ranar farko.

Can sai sandar ta lanƙwashe. Nasir ya ja, ya saki, ya ja, har ya fito da wata ƙatuwar tarwaɗa mai tsawon hannu. Ya cire ƙugiyar a hankali. Ya ɗaga kifin sama yana dubawa, ya ɗauke shi hoto da waya. Sannan ya tako har gefen darbejiya inda ruwa bai kai gwiwa ba, dab da ƙafar Baba, ya sunkuya ya sake shi. Ya wanke hannu, ya juya baya, ya koma wurin jakarsa.

Sai da Baba ya ji ƙwalla ta taho masa.

Abin da Nasir bai sani ba shi ne, a tungar su Baba akwai wata ɗabi'a. Idan ka yi sa'ar kamu, maƙwabcinka ya dawo kwale-kwale wayam, ba ka miƙa masa kifi a hannu, don wannan kunyata shi ne a gaban mutane. Sai ka matso kusa da shi, ka ɗaga kifin kana dubawa kamar bai yi maka ba, ka sake shi a ruwa marar zurfi kusa da ƙafarsa, ka juya baya ka tafi. Kifin da ya sha wahalar kamu ba ya nisa, yana nan kwance yana mai da numfashi. Shi kuma ya sa koma ya ɗauka. Ba a godiya, ba a tada zancen har abada.

Baba ya jira har Nasir ya fita, sannan ya ɗauko komarsa.

"'Yardada, hura wuta. Yaron nan ɗan mutunci ne. Ko wa ya koya masa abin garinmu, oho."

"Ka tabbata ba ka ya yi?"

"Haba! Ya ɗaga, ya duba, ya saki, ya juya baya. Me ya rage?"

Ranar suka sha farfesu har da sa wa maƙwabta a kwano. Asabar ta gaba ma haka, ta gaba ma haka. Nasir bai canja wurin saki ba, don gefen darbejiya ne kaɗai ƙafa ba ta zamewa. Baba kuwa ya sa shi cikin addu'a bayan kowace salla. 'Yardada ta ɗora ganga ta koma yin banda kamar a gida, har kumatunta suka fito. Idan Nasir ya zo, Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya nuna masa inda manya suke kwanciya, amma ko da wasa bai taɓa ambaton kyautar ba.

Bayan wata uku, ran wata Litinin, Alhaji da kansa ya zo, Nasir na biye da shi fuska ba walwala.

"Malam Mikail, ana sace mana kifi."

"A'uzu billahi! A nan?"

Nasir ya ce, "Baba, manyan sun ƙare. Da sai in kama biyu, uku. Yanzu sai ƙanana. Ina da hotonsu duka a waya, ko ɗaya bai sake cin ƙugiya ba."

Baba ya ga wannan ai ba abin mamaki ba ne, kifin da aka cinye ba ya cin ƙugiya. Sai ya ɗauka yaron yana rufa masa asiri ne a gaban mahaifinsa, kuma waɗansu manyan daban ake nufi. Ya ƙara ganin girmansa.

Alhaji ya ce, "Ni ban zarge ka ba. Amma shekaru sun zo, ƙila ido ya rage. Na ba ka nan da Litinin mai zuwa. In ba a gano mai yin abin nan ba, dole in ɗauko masu gadi na kamfani, su kuma ɗakin nan za su zauna."

Da suka tafi 'Yardada ta zauna a bakin ƙofa ta rafka tagumi. Ba su da inda za su je. Baba kuwa ya naɗe ƙafar wando ya shiga farautar ɓarawo. Ya saro ƙaya ya jera a kan katanga. Ya share ƙasar gefen ruwa fes, don ko sawun kaza ya gani. Ya yi wa Sule mai facin taya tambayoyi har Sule ya ce, "Baba, ni ko a miya na ga kifi sai na yi bismilla sau biyu, balle in shiga ruwa." Ya kama wani tsari a bayan rumfa, ya dube shi, ya ga cikinsa ko karfasa ba zai ɗauka ba, ya kore shi. Kullum da safe sawu ɗaya yake tararwa a bakin ruwa, nasa.

Ran Asabar Nasir ya zo, ya daɗe bai kama komai ba. Ana dab da azahar sai ya yi ihu, "Gwaggo! Baba, Gwaggo tana nan!" Wata tsohuwar tarwaɗa ce mai gutsurarren gashin baki, ta fi duk na baya. Nasir ya daɗe yana hango ta a ruwa har ya sa mata suna, amma sai ranar ta fara cin ƙugiyarsa. Ya ɗaga ta, ya yi hoto, ya kai ta gefen darbejiya, ya juya baya ya tafi.

Baba ya girgiza kai. "Allah sarki. Ana shirin korata, amma bai fasa ba."

Ya sa koma ya ɗago ta. Da ya shafa cikinta sai ya tsaya. Cike yake da ƙwai. A garinsu ko yunwa za ta kashe mutum ba ya cin mai ƙwai da damina, don shekarar baɗi ce a cikinta. Ya kutsa ruwa har ƙirji, ya riƙe ta har ta kaɗa wutsiya, ya sake ta.

'Yardada ta ce, "Ina naman?"

"Ya koma ɗakin haihuwa."

Litinin ta zo ba ɓarawo. 'Yardada ta ɗaure tukwanenta. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce tunda tafiya za su yi, yau kam zai karya al'ada ya yi godiya da baki. Ya cika faranti da banda mafi kyau, ya rufe da faifai. Da Alhaji da Nasir suka zauna a kan tabarma, ya ajiye a gabansu.

"Alhaji, ɓarawo ya fi ni wayo, ban gan shi ba. Zan ba ku ɗakinku. Amma kafin in tafi, ka sani Allah ya ba ka ɗa. Wata uku yaron nan yana ciyar da mu, bai taɓa bari ko kai ka sani ba."

Nasir ya ce, "Ni, Baba?"

"Ka ga halin nasa ko? Har yanzu ɓoyewa yake yi. Duk Asabar sai ya sakar mini a gindin darbejiya ya juya baya, sak yadda muke yi a gida. Wannan bandar ma ta waccan mai tabo a ka ce."

Nasir ya ɗaga faifan. Ya dubi bandar, ya dubi wayarsa, ya sake duban bandar.

"Baba... cinye su kuke yi?"

"To, da adana su za mu yi?"

"Ai sakinsu nake yi su koma su rayu! Can inda na yi karatu haka ake yi. Ka kama, ka ji daɗin kamun, ka mai da shi."

"Ka mayar wa wa?"

"Ruwa."

"Ruwa ya roƙe ka?"

A nan Alhaji ya kasa riƙewa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana dukan tabarma yana cewa, "Na sa ɓarawo neman ɓarawo! Har da ƙaya a katanga!"

Baba bai yi dariya ba. Kalmar ta doke shi a ƙirji. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. "Alhaji, shekarata sittin da biyar, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ashe haram na ciyar da iyalina, har na raba wa maƙwabta. Ba sai an kore ni ba."

Alhaji ya daina dariya nan take. "Subhanallahi, Malam Mikail, baki ne ya suɓuce, ka yafe ni. Wanda ya kawo wa mai kaya banda a faranti ba ɓarawo ba ne. Na halatta, duniya da lahira. Mai da hularka."

Nasir kuwa yana ta shafa hoton shekaranjiya a waya. Can ya tambaya a hankali, "Gwaggo ma tana cikin farantin nan?"

"Wa? Mai guntun gashin baki? Haba ɗan Alhaji, ƙwai ne fal cikinta. Wane marar hankali ne zai ci wannan? Har ƙirji na shiga na mai da ita."

Nasir ya miƙe zumbur. "To ai ka ga kai ma kana saki!"

"Ni na saki don a samu na ci baɗi. Kai kuwa ka soki bawan Allah a baki, ka ɗauke shi hoto bai shirya ba, ka ce masa sai wani satin."

Daga bakin ƙofa 'Yardada ta ce, "Alhaji, in kwance tukwanen ko in bari?"

"Kwance, Hajiya. Ki kawo mana yaji kuma."

A kan tabarmar nan aka yanke shawara. Duk kifin da Nasir ya saki a gefen famfon da ake ƙara wa kududdufin ruwa, na ruwa ne, ba mai taɓa shi. Wanda ya saki a gindin darbejiya, na tukunya ne. Baba kuma aka ba shi ikon hana kamu gaba ɗaya idan kifi ya ɗauki ƙwai, ko da ɗan maigida ne. Nasir ya ce shi ba zai iya cin mai tabo a ka ba, sun saba. Alhaji ya ce shi ba su saba ba, ya jawo farantin gabansa.

Shekara biyu ke nan. Masu gadin kamfani ba su zo ba. 'Ya'yan Gwaggo sun cika ruwan, har Alhaji yana sayarwa. Baba har yau bai yarda da ƙugiya marar kunne ba, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji labarin mutanen da ke wahalar da kifi don hoto. Amma duk Asabar, idan Nasir ya gama, yakan zaɓi guda ɗaya madaidaici ya taka zuwa gindin darbejiya. Ya ɗaga, ya yamutsa fuska kamar bai yi masa ba, ya saki, ya juya baya. Baba kuma ya kau da kai yana kallon katanga, sai ya ji ƙarar rufe ƙofa sannan ya miƙa hannu ya ɗauko koma.