Sitiyarin Dama

Nivaldo Pacheco bakanike ne a Santos, garejinsa na bayan tashar jiragen ruwa. Tun yana saurayi ya ƙwallafa rai a kan wata motar tsere 'yar Japan da ya gani a mujalla. Dokar Brazil kuwa ba ta barin a shigo da motar da aka hau sai ta cika shekara talatin da ƙerawa. Bai damu ba. Ya yi ta tarin kuɗi har furfura ta kama shi.

Kuskurensa ɗaya, baki. Duk Lahadi wajen gashin nama sai ya cika wa ƙanin matarsa Adalberto kunne da labarin motar. Shi Adalberto likitan haƙori ne, ko taya bai taɓa canjawa ba.

Da shekarun suka cika, ashe duniya duka jira take yi, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Dillalin kwastan ya jero masa haraji kala-kala, da kuɗin jirgi da na ajiya, sai ga tarin nasa bai kai rabi ba. Bayan wata bakwai motar ta fito daga kwantena, da sunan Adalberto a takarda.

Nivaldo ya yi kwana uku abinci ba ya wuce masa. Hassada ce tsagwaronta, bai kuma ɓoye wa matarsa Zuleide ba.

"Tambaye shi silinda nawa ne a injinta, ki sha dariya."

"To kai ka sani, shi ya saya," in ji ta.

Ran Asabar sai ga Adalberto a gareji yana zufa.

"Suruki, ka cece ni. Sitiyarin a dama yake, giya a hannun hagu, sau biyu na kusa hawa katanga. Kai za ka riƙa tuƙa mu."

Nivaldo ya so ya ja aji, amma hannunsa ya riga ya karɓi makulli. Suka bi titin bakin teku, yana sauraron kukan injin, ƙwalla ta cika masa ido. A danja wani mai babur ya tsaya ta hagu, inda kowa ya saba ganin direba, ya ɗaga wa Adalberto babban yatsa.

"Maigida, na ga yadda ka sha kwanar can. Gaskiya hannunka ya faɗa."

Adalberto ya ɗora gwiwar hannu a taga. "Sai a hankali. Ba kowa take yarda da shi ba."

Nivaldo ya jira ya ji ƙarin bayani a kan wanda ke tuƙin, har danja ta ba da hannu.