Ban Ruwan Ranar Lahadi

Har yau ban manta da ranar da na dawo daga Bunkure da hoto mafi kyau da muka taɓa ɗauka, kuma na sa aka goge shi ba. Lokacin ina gabatar da shirin addini da rayuwa a gidan talabijin ɗinmu. Shirin yana fita daren Juma'a, amma dole ya isa teburin shugaban sashe ranar Laraba. Dokar aikin kuma a bayyane take: ba a nuna fuskar mutum sai ya yarda. Na san dokar sarai, sai dai a lokacin kaina yana rawa, ina ganin ba wanda zai ƙi fitowa a talabijin.

Wani manomi ne ya tsegunta mana labarin. A yankinsu ruwan noman rani bi da bi ake sakinsa, kuma layinsu yana faɗowa safiyar Lahadi. Akwai wata Kirista 'yar Filato, Maman Rahila, da mijinta ya rasu ya bar mata gonar tumatir. Idan ta tafi coci ruwa ya wuce ta, idan ta tsaya ban ruwa ibada ta wuce ta. To, maƙwabcin gonarsu, wani dattijo Malam Sa'idu, abokin marigayin, shi ke lallaɓawa ya shayar da gonar kafin a tashi daga coci, ya koma tasa kamar bai san komai ba.

Muka isa da sassafe ranar Lahadi, ni da Lawan mai ɗaukar hoto. Na ce ya laɓe bayan wani mangwaro ya jawo hoton daga nesa, izini ma nema daga baya. Ga tsoho ya naɗe wando, yana buɗe wa ruwa hanya kunya bayan kunya da fartanya, bakinsa yana motsi da tasbihi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. A raina na riga na rubuta kanun shirin.

Da ya gama muka fito muka gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya dubi na'urar Lawan, sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, kun riga kun ɗauka ke nan?"

"Mun ɗauka, Baba. Jama'a za su yi koyi da kai."

"Ni da Ubangijina muka yi wannan," in ji shi. "Bar ma zancen lada. Matar nan tana da jin nauyi. Ran da ta san ni ne, za ta bar zuwa cocinta ta zo ta tsaya a kan ruwa don kada ta wahalar da tsoho. Kin raba ta da ibadarta ke nan. Don Allah ki rufa mana asiri."

Ban haƙura ba, taurin kaina ba na yau ba ne. Na ce bari in ji ta bakin matar ba tare da na ambaci sunansa ba. Muka same ta a gida, ta dawo daga coci, ko ɗankwali ba ta sauya ba. Na tambaye ta wa ke yi mata ban ruwa. Ta yi murmushi, idonta ya ciko.

"Tun Lahadin farko na sani. Duk yankin nan ba mai toshe bakin ruwa da dunƙulen ƙasa biyu da tsinken kara a tsakiya sai shi da maigidana, tare suka koya. Da na gani sai na zauna a kan kunya na yi kuka." Ta kamo hannuna. "Ƙanwata, kada ki gaya masa. Ran da ya san na sani, kunya za ta kama shi, ya ga kamar don a gani yake yi. Ni dai duk Lahadi sai na ambaci sunansa a addu'a. Abin da nake da shi ke nan."

A mota na ce wa Lawan ya goge. Ya tambaye ni sau biyu, na ce ya goge.

Ranar Laraba shugaban sashe ya kalli abin da na kawo: ruwa na bin kunyoyi, gona ba kowa, da hirar wasu manoma kan haƙƙin maƙwabci. Ya cire tabarau ya ce, "An ba ki mota da mai, kin kawo mini ruwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka yarda in kawo ke nan." Na sha faɗa, na kuma cancanci rabinsa, tunda ni na sa aka laɓe.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku sami masu wa'azi da ke neman ku da kansu, har su gyara muku inda za ku ajiye na'ura. Amma masu ibadar da ta fi taɓa zuciya sau da yawa roƙon ku za su yi ku kashe na'urar. Ku nemi izini kafin ku kunna, in an ce a'a ku ji.

Malam Sa'idu ya rasu bara, shi ya sa na iya ba ku labarin, sunayen ma na sauya. Na je ta'aziyya. A cikin mata na tarar da Maman Rahila, ta kwana uku tana dafa wa masu zaman makoki abinci. Ta matso ta raɗa mini, "Bai sani ba, ko?" Na ce, "Bai sani ba." Ta ce, "Na gode."