Ragar da Ishaya Bai Ƙarasa Ba

Shekara bakwai ke nan. Wata Asabar ce a ƙarshen bazara, bayan La'asar, a gidan Ishaya da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Mu uku ne a tsakar gida: shi yana saman tsani, ni ina riƙe da tsanin, matarsa Saraya tana tsintar shinkafa a bakin kicin.

Ishaya maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mutumin Kudancin Kaduna ne da aikin gwamnati ya kawo Kano, ya zauna har 'ya'yansa suka tashi da Hausar Kano a bakinsu. Darbejiyar ƙofar gidana ce ke zuba ganye a rufinsa. Duk damina sai magudanar kwanon da ke bin bakin rufin ta cika da ganye, indararo ya toshe, ruwa ya koma cikin silin ɗaki. Na taɓa cewa a sare bishiyar kowa ya huta. Ya ce, "Malam Sani, in ka sare ta, a ina za mu zauna mu yi gulmar gwamnati?" Sai ya yanke shawarar ya rufe magudanar da raga, ruwa ya wuce, ganye ya tsaya a sama.

Ya daɗe yana zaɓe. Ragar sauro ya ce idonta ya yi ƙanƙanta, ƙura da furen darbejiya za su like ta ruwa ya bi ta kai. Ragar kaji kuma idonta ya yi faɗi, ganyen darbejiya siriri ne, zai shige. Ta roba ya ƙi ta saboda ranar Kano, ya ce ba za ta daɗe ba za ta bushe ta farfashe. A kasuwar Tarauni ya samu wadda ta kwanta masa: ta ƙarfe, mai idon da ƙaramin yatsa ba ya shiga. Yana cusa gefe ɗaya ƙarƙashin kwano, ya ɗan karkata ta don iska ta share ganye, ya ɗaure ɗaya gefen da waya. Ya gama rabi, ya kai kusurwar da wayar lantarki ke shigowa gidan daga falwaya.

Babu wuta tun safe. Mun ga wayar, mun ga inda rana ta cinye robarta. Amma a unguwarmu haka kowa ke aiki: in babu wuta, waya igiya ce kawai. Ya warware ragar, bakinta ya kwanta a kan wayar.

Abin da na fara ji shi ne ihun yara a layi: "An kawo wuta!" Fankar falo ta soma juyawa. Ishaya bai yi ƙara ba. Tsanin ya girgiza a hannuna, sannan ya yi sauƙi. Na katako ne, shi ya sa nake nan ina wannan rubutu. Kafin mu isa asibiti ya cika.

Tun daga ranar, wannan ihu na yara, wanda kowane gida ke murna da shi, ni faɗar mini da gaba yake yi. Ko ina masallaci, ko ina cin abinci, in na ji shi sai na ɗaga kai na duba rufin da ke kusa.

Saraya ta hana kowa hawa. Shekara bakwai da doguwar gora take zungurar indararo daga ƙasa. Rabin da Ishaya ya rufe bai taɓa toshewa ba. Ɗaya rabin, wanda ke kan ɗakin kwananta, kowace damina ruwa na shiga, har a bara silin ya yi ciki ya sauko kamar zai taɓa kan mutum. Da an yi hadari sai ta ɗauki filo ta koma falo.

Nakan tambayi kaina me Ishaya zai ce da ya ga layinmu yau. Rufi da yawa sun ɗauki faifan sola, wayoyi sun ƙaru a bakin kwano. Ina jin zai yi murna, don shi mai son karatu ne da dare. Amma mutum ne mai lura, zai gane abin da ni ma na gane: da can akwai lokacin da waya take a mace, yanzu da rana tsaka tana iya zama da rai, kuma babu yaron da zai yi ihu ya sanar da kai.

Watan jiya babban ɗansu Dauda ya dawo daga Jos, inda yake koyarwa, da naɗin raga a bayan mota. Irin ta ubansa ce sak. Ya shigo ya gaishe ni ya ce, "Baba, aron tsani na zo."

Na ce ba ni da tsani. Ya dubi inda yake jingine a bayan kicin, ya yi dariya.

"Baba, sai silin ya faɗo wa Mama sannan za a hau? Zan zare fis ɗin gidan, in kashe sola. Shi ke nan."

Na ce, "Wayar da ta kashe babanka gaban fis take. Ka zare duk abin da za ka zare a cikin gida, ita daga falwaya take shan wuta."

Sai ya ce, "To a cire ta daga can."

Haka aka yi. Muka nemo mai aikin lantarki, ya raba wayar daga falwaya, ya naɗe ta ya ajiye a ƙasa inda kowa ke gani. Aka kashe sola, aka lulluɓe faifan da bargo. Saraya ta ce ba za ta kalla ba, ta shige gidana wajen maiɗakina. Ni na riƙe tsanin, don ban yarda wani ya riƙe ba.

Dauda yana daidai wannan kusurwar yara suka yi ihu a layi. Na san wayar tana ƙasa, ina ma kallonta. Duk da haka na ji bakina yana kiran sunan Ishaya. Daga sama Dauda ya ce, "Baba, ni ne. Ina nan. Riƙe da kyau, kai ne kake girgiza ni."

Da ya sauko akwai filaya a hannunsa, ta yi tsatsa har ba ta buɗuwa. A cikin magudanar ya same ta, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, kusa da wayar ɗauri ta ƙarshe da ubansa ya zura bai murɗa ba. Ya ce ya murɗe wayar, daga nan ya ɗora nasa aikin.

Ishaya bai bar dukiya ba, kuma ba sananne ba ne a wajen layinmu. Ya bar bishiyar da ya hana a sare, da rabin aiki mai kyau da ya jure damina bakwai ba tare da an taɓa shi ba, da ɗan da ya shiga kasuwa ya zaɓi irin ragar da shi ya zaɓa. Tsoron kuwa nawa ne, ban ga alamar zai bar ni ba.

An sauya wa wayar gidan hanya, yanzu ta bango take shiga, nesa da kwano. Ranar Alhamis da ta biyo baya aka yi ruwan farko, kuma indararon ɓangarorin biyu duk sun zubar. Saraya a ɗakinta ta kwana.