Ranar da Na Tura Yaya Gaba

A shekarun da fari ya bi bayan fari, kwanon hatsi ya fi ƙarfin mai iyali, ko tafin hannu na ƙasa ba a bari ba a shuka ba a ƙauyenmu. Dama mu mutanen arewacin Kano a matse muke, gona ta jingina da gona, iyaka sai ɗan layin lalle. Har filin ƙwallon firamare bai tsira ba. Wani dattijo mai gona a gabas da filin ya kawo shaidu cewa wannan gefen na kakansa ne, aro aka bai wa makaranta. Aka mayar masa. Muka wayi gari turakun ragarmu ta gabas suna tsaye a cikin dawa.

Bayan girbi ya yarda mu ci gaba da wasa, amma da sharaɗi biyu: kada a baje masa kunyoyi, kada kuma a tuge masa tushiyar kara, don da ita iyalinsa ke hura wuta kaɗan-kaɗan har damina. Saboda haka wajen taku goma a gaban ragar nan duk tudu ne da kwari, ga tushiyoyi a jere, kowacce an sare ta a karkace, bakinta kamar na alƙalamin allo. Mu kuwa ba mai takalmin ƙwallo. Wanda ma yake da silifa cirewa yake ya ajiye, don kada ta tsinke.

Ni a lokacin ina makarantar kwana a birni, sai hutu nake zuwa gida. Na saurari wasanni a rediyo har na ɗauki kaina masani, na naɗa kaina koci ba tare da kowa ya zaɓe ni ba. Bakina ya fi ƙafata iya ƙwallo, kowa ya san haka, ni kaɗai ne ban sani ba. 'Yan gabanmu duk irina ne, 'yan makaranta masu laushin tafin ƙafa. Su yanke mutum uku, amma da sun iso bakin kunyoyin nan sai su ja birki su buga daga nesa, ƙwallo ta wuce can gindin kuka.

Yayana shi ne lamba biyar ɗinmu, mai tsaron baya. Ya girme ni da shekara huɗu. Shi aka bari a gida lokacin da aka kai ni makaranta, domin ciwon ƙirji ya hana Baba riƙe garma, kuma dole wani ya riƙe. Gonakinmu biyu, ta bayan gida da ta nesa wajen rafi, duk a wuyansa suke. Ba shi da yawan magana, ba shi da gwaninta, amma idan ya tsaya a gabanka ka gama tafiya. Tafin ƙafarsa ya yi kaushi har ƙaya na karyewa a jiki. Wata rana na ga ya bi ƙwallo cikin tushiyoyin nan yana takawa kamar a kan tabarma, sai dabara ta faɗo mini.

Duk rabin lokacin da muke kai hari ragar gabas, in muka samu kwana ko jifa kusa da layi, sai 'yan gaba su ja baya su tsare gida, Yaya da abokin tsaronsa su haura su shiga cikin kunyoyin. Abokan karawarmu ba su saba da wurin ba, hankalinsu rabi a ƙwallo rabi a ƙasa. Wasa uku muka yi haka. Abokin Yaya ya ci biyu, Yaya bai ci ba, amma shi ke rikita su. Na riƙa yawo a gari ana nuna ni, ni kuma ina ƙara gishiri.

Baba bai taɓa zuwa kallo ba, amma labari ya kai masa. Wata yamma ya kira mu mu biyu. Ya ce bai hana wasa ba, sai dai hadari ya fara haɗuwa, kuma abin da ke cikin rumbu ba zai kai mu kaka ba ko da an yi tsimi. Ya dubi ƙafafun Yaya ya ce, "Waɗannan su ne abincin gidan nan bana. Kada ka sake shiga karan nan." Yaya ya ce to. Ni ma na ce to, amma tawa ta fatar baki ce.

Wasan ƙarshe kafin damina da 'yan hayin rafi ne, waɗanda suka shekara biyu suna cin mu suna yi mana ba'a a kasuwa. Tun kafin a fara Yaya ya gaya mini a baya zai tsaya, ya yi wa Baba alkawari. Na ce ba komai. Aka tafi hutu ɗaya da ɗaya, aka juya muna fuskantar gabas. Abokin tsaronsa ya yi ta haurawa shi kaɗai, suka sa masa mutum biyu. Rana ta yi ƙasa, alƙalin wasa ya fara duban agogo, sai muka samu kwana.

Na juya na kira Yaya. Ya girgiza kai. Na sake kira, ya nuna mini wajen gida da haɓa. A na uku sai na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce a gaban jama'a, "Yaya, tsoro kake ji?" Sai ya taho, ba da gudu ba, irin tafiyarsa ta zuwa gona.

Aka bugo kwanar. Na ga ya tashi sama ya fi kowa, ya sa mata kai, ta wuce golansu ta tsakanin turaku. Fili ya kaure, yara suka kwararo ciki, ni ina tsalle ina cewa dabarata ce. Sai da na ratsa mutane na same shi zaune a kwarin kunya, ya riƙe ƙafar dama da hannu biyu. Tushiya ta shige shi a tsakiyar tafin, daidai lotsawar nan inda kaushi ba ya kaiwa, ta karye a ciki. Duk lissafin da na yi, ban taɓa tunanin cewa mai tafiya a kan kara daban yake da mai dirowa a kansa daga sama ba.

Wanzami ya ciro abin da ya iya cirowa, Inna ta yi ta gashi da ruwan zafi da gishiri. Cikin kwana uku ƙafa ta kumbura har ƙwauri. Muka ɗora shi a keke zuwa asibitin sha-ka-tafi, aka tsaga wurin aka fitar da sauran, aka rubuta maganin da sai da akuyar Inna ta tafi kasuwa kafin a same shi. Ranar da muka dawo da shi gida, ruwan shuka ya sauka.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Sungumi kawai ya miƙo mini washegari, ya ɗauki ƙwaryar iri, muka fita. Ina sara, yana jefa iri yana rufewa da ƙafa, yana tari yana tsayawa. Da ƙyar muka gama shuka. Noman fari shi ya tona mini asiri, hannuna ya yi bororo ya fashe, ciyawa tana gaba ina baya. Ban koma makaranta ba wannan zangon.

Maganar gayya ta taso, Baba ya ce a'a. Wanda ya kira gayya shi ke ciyar da ita, mu kuwa sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan. Amma wata safiya, ana idar da sallar asuba, na tarar da 'yan ƙungiyarmu a gonar bayan gida da fartanyoyinsu, har da golan hayin rafi da Yaya ya ci. Ba kiɗa, ba waƙa. Suka nome ta tas, kuma kafin hantsi ya ɗaga suka saɓa fartanya suka watse ta bayan gari, don kada Inna ta gan su ta ji dole ta dama wani abu. Kowannensu yana da tasa gonar da ke jiransa, ba su iya dawowa ba. Gonar rafi ciyawa ta cinye ta. Damin da muka ɗaure a kakar nan bai kai mu ko'ina ba, kafin wata damina an sayar da gonar rafin don mu ci.

Ƙafar ta warke, amma a karkace. Tun daga nan da gefenta yake takawa. Bai sake buga ƙwallo ba, garma ma sai rabin yini. Ni na koma makaranta daga baya, na yi aiki, na yi ritaya. Muka yi shekaru muna maganar komai ban da wannan.

Bara na je gida, muka zauna a dakalin wani shago da aka gina daidai inda ragar gabas take, don yanzu gidaje sun cinye wurin. Na ce masa ina neman gafara, ni na jawo aka rasa gonar rafi, ni na jawo masa ƙafar. Ya murza ta da hannu.

"Ba maganarka ce ta kai ni ba," ya ce. "Ai na san ba tsoro nake ji ba. Shekara nawa ina tare wa mutane, su je su ci, a ɗaga su sama. Ni ma so na yi in ji yadda ake ji, ko sau ɗaya."

Na tambaye shi to yaya ya ji.

"Ban ji ba. Ban ma ga shigar ƙwallon ba. Ina dirowa sai ƙafar, ihun ma labarinsa aka ba ni." Ya juyo ya dube ni. "Kai ka gani ai. Ta ina ta shiga?"

Na ce ta kusurwar hagu, sama kaɗan da hannun gola. Ya gyaɗa kai, ya ce in faɗa masa tun daga bugun kwanar, a hankali. Na faɗa masa, ya ce in sake. Aka kira la'asar, na miƙe na jira shi ya gyara tsayuwarsa.