'Yan Jeren Zanen Ƙwarya

Mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Birni ranar da ba za ta taɓa fita raina ba: ni, da jikata mai aikin zane a ordinata, wato kwamfuta, da wata tela da ta zo daga Mirriya, sai surukata tana tsince shinkafa.

Jikar nan tawa ta kwafi zanen tsofaffin ƙoran uwata ta zuba a na'ura, wai mata masu ɗinkin zanen gado su riƙa amfani da shi. Na yarda ne da ƙyar, ƙwarya ɗaya ma hana ta na yi, wadda aka kai uwata ɗaki da ita. Telar ta karɓi zanen a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin ordinata, ta yi ta fama a gida ya ƙi fitowa, ga amarya na jiran zanen gadonta. Ta sauke ordinatarta a tabarma ta ce, "Inna, in bai shiga yau ba, furannin Turawan da ke ciki zan ɗinka mata. Sauran mata ma duk sun haƙura."

Ban yi lakkwal ba, ban san boko ba, amma ba a yin abu a gidana ban san kansa ba. Na matso da kujera na ce wa jikata, "Ke, ina abin yake shiga?"

"Kaka, ita manhajar zanen tana da wurin da take neman kayanta. Ɗaki ne cikin ɗaki cikin ɗaki, ɗaya ma a ɓoye yake. In ba can aka ajiye ba, ba ta gani."

"To ita a ina ta ajiye?"

"A bakin ƙofa," in ji ta, tana dariya.

Telar ta harare ta. "Ke da kika san gidan, me ya hana ki rako shi?"

Surukata ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba, "Jikar taki ta aika kayan amarya babu 'yan jere."

Nan na gane zancen sarai, don na yi shekaru ina jere a unguwarmu. Ba a taɓa jibge wa amarya kwalla da tasa a zaure a ce ta nemi wurinsu. Na tambayi jikata ko na'urar ba ta da 'yan jere. Ta ce ba ta da su, amma ana iya yi mata. Ta duƙufa tana rubutu tun bayan azahar, ni kuwa ina ta tambaya har ta ce, "Tsohuwa, ko dai aikina kike so ki ƙwace?" Abin da ta haɗa wani ɗan abu ne mai tafiya tare da zanen, da an taɓa shi sai ya kai kowanne mazauninsa.

Telar ba ta yarda ba. Ta ce ita kunyar mutane take tsoro, sai an gwada da wanda bai san komai ba. Duk suka juyo suka dube ni.

Na ɗora hannu a kan abin nan da suke turawa a tabarma, na danna inda aka nuna min. Ba abin da ya fito. Na zaci na ɓata wa telar na'ura. Jikata ta ce a rufe manhajar a sake buɗewa. Sai ga zanen uwata a jere, har da ɗan karkacen da wuƙarta ta taɓa yi a gefen ƙwaryar fura. Telar ta naɗe kayanta da sauri, ta samu motar Mirriya kafin magariba.

Tun daga ranar na riƙe cewa in ka ba mutum abu ka bar shi da wahalar neman inda zai sa shi, ba ka gama ba shi ba.

Washegari da safe na buɗe adaka, na ɗauko ƙwaryar nan da na hana, na goge ta, na ajiye wa jikata kusa da ordinatarta. Na ce ta zana, amma kada zanen ya fita gidan nan sai da 'yan jerensa.