Ciyas Ɗin Maigidana

Shekarata ta farko a Doha, wani injiniya ɗan Ingila nake tuƙawa. Kullum in na sauke shi a gida, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ciyas!" Ni kuwa a fim na san kalmar, inda ake kara kofunan giya. Na ɗauka tayin barasa yake min. Mako biyu ina amsawa da a'uzubillahi ƙasa-ƙasa.

A ɗakinmu na unguwar Najma akwai wani mai gadi da ke ji da Turancinsa. Ya ce, "Kai dai baƙauye ne. Ciyas ai kujeru ne da Turanci, goge kujerun motar yake nufi." Na goge su har suna ƙyalli. Baturen ya duba, ya ce, "Ciyas!"

Wani likita Bakano ne ya warware min bayan sallar Juma'a. Ya ce, "Malam, ma'anarta na gode ne, kuma sai an jima ne." Na yi mamakin rowar mutanen nan, godiya da sallama duk a kalma ɗaya.

Ranar na gwada wa kawuna na can gida "Ciyas!" ɗin a waya. Sai ya ce, "Yaro, lafiyarka kuwa?"